Maɓallin Wuƙar Maniago: Daga Ɗagawa da Farce Zuwa Makulli Guda

Duk wuƙar da ruwanta ke buɗewa da kansa in an danna maɓalli, da rigima a cikinta tun ranar da aka haɗa ta. Akwai sifirin da aka danne, kullum neman hanyar harba ruwan waje yake yi, akwai kuma wani ɗan guntun ƙarfe mai kaurin 'yan milimita da ya tare masa gaba. Maƙerin irin wannan wuƙa ayyuka huɗu ne a wuyansa: ya riƙe ruwan a rufe, ya sake shi lokacin da aka so, ya kulle shi in ya buɗe, sannan ya hana shi tashi a cikin aljihu ba da izinin mai shi ba. Sauye-sauyen da aka yi wa maɓallin cikin shekaru fiye da ɗari duk a kan tambaya guda suke: ƙarfe nawa za a raba wa waɗannan ayyuka? Wuƙar da ta fi nuna wannan a fili ita ce doguwar siririyar nan ta Italiya da ake kira sitileto, wadda garin Maniago ya yi suna da ita.

Garin da yadda ake aiki a cikinsa

Maniago ƙaramin gari ne a lardin Pordenone, yankin Friuli, arewa maso gabashin Italiya, a gindin duwatsu. A 1453 mai sarautar garin, Nicolò, ya janyo ruwan rafin Colvera ta magudana domin ya riƙa juya manyan gudumomin maƙera, daga nan ƙira ta kafu. A 1907 wani Bajamushe, Albert Marx, ya gina babbar masana'antar wuƙa ta farko a garin, wadda aka sani da Coricama. Yau gininta gidan tarihin ƙira da wuƙaƙe ne. Amma akasarin aikin sitileto a ƙananan shagunan iyali aka yi shi. Wannan gida ya fitar da ruwan wuƙa, wancan ya lanƙwasa sifirin, wani ya yanka ƙaho, wani kuma ya haɗa. Sassan ba sa zuwa daidai wa daida, don haka mai haɗawa da magagari a hannu yake zaune, yana ragewa yana gwadawa har kowace wuƙa ta zauna. Wanda bai riƙe wannan ba, ba zai gane dalilin da ya sa aka gina maɓallin yadda aka gina shi ba.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sojojin Amurka sun koma gida da irin waɗannan wuƙaƙe a jakunkunansu, 'yan kasuwa irin su kamfanin Latama suka shiga yin oda da yawa. Girman da aka fi sani, in an auna wuƙar a buɗe, shi ne santimita 23, 28 da 33.

Abin da ke ƙarƙashin ƙaho

Ƙotar faranti biyu ne na tagulla, an lulluɓe su da ƙaho ta waje, da ƙarfen wuya a sama mai kunnuwa biyu masu kare yatsa, da wani ƙarfen a gindi. Tsakanin farantin biyu, ta gadon baya, akwai dogon ƙarfe mai tsalle wanda ƙarshensa na sama ya baje ya zama harshe mai huji a tsakiya. A cikin ramin da ruwan ke kwanciya kuma akwai sifirin mai harbawa, wani miƙaƙƙen ƙarfe mai ɗan lanƙwasa da aka kafe ta gindin ƙota. In an rufe wuƙar, gindin ruwan ne ke danne shi.

Maɓallin da ake gani a kan ƙaho shi kaɗai ba ya riƙe komai. An dasa shi a ƙarshen wata 'yar liba da ke kwance tsakanin ƙaho da farantin tagulla, tana lilo a kan siririyar ƙusa a tsakiyarta. Ɗaya ƙarshen libar, wanda ya nufi wajen wuya, yana da haƙori, wato ɗan fil na ƙarfe da ya ratsa farantin ya shiga wani rami da aka huda a gindin ruwan. Ƙarƙashin maɓallin akwai ƙaramin sifirin da ke tura shi sama, wanda ke nufin yana tura haƙorin ƙasa cikin raminsa. Da an danna, libar ta karkata, haƙori ya fita, sifirin mai harbawa ya bugi ruwan. Ruwan ya juya a kan ƙusarsa har ya miƙe, sai wani ɗan tudu da aka bari a bayan gindinsa ya ɗaga harshen nan na gadon baya ya faɗa cikin hujinsa. Ƙarar da ake ji a ƙarshe ta wannan kullewar ce.

Ƙasa kaɗan da maɓallin akwai sakata, ɗan ƙulli mai zamewa a cikin tsaga. In an tura ta sama, wani fallen ƙarfe ya shige ƙarƙashin maɓallin ya hana shi nutsewa.

To, a lissafa. Haƙori na riƙewa a rufe, liba da maɓalli na saki, harshe na kullewa a buɗe, sakata na tsaro. Kowane aiki da mai yinsa, kuma ba ruwan wani da wani. Ga shagon da ke aiki da magagari wannan hikima ce babba, domin ana iya daidaita ramin haƙori ba tare da an taɓa harshe ba, ana iya gyara harshe ba tare da an kwance maɓalli ba. Kuskuren rabin milimita a wuri guda ba ya bin sauran ya ɓata su.

Akwai abin da ya kamata a lura da shi game da sifirin mai harbawa: a farkon tafiyar kawai yake taɓa ruwan. Da ruwan ya ɗan yi nisa sun rabu, ragowar hanyar da ƙarfin bugun farko da nauyin kansa yake ƙarasa ta. Shi ya sa tsofaffin wuƙaƙen suke da sifirin mai ƙarfin gaske da ruwa mai kauri, manyan cikinsu har milimita 4 zuwa 5.

Rufewa: farce, sannan wuya

Da yake maɓallin ba shi da hannu a kullewar buɗe, danna shi ba ya rufe wuƙar. A ƙirar shekarun 1950 harshen yana da 'yan fukafukai da suka ɗan zarce faɗin wuya, mai wuƙar ya sa farcen babban yatsa ya ɗaga su har tudun ya fita daga huji, sannan ya naɗe ruwan da ɗaya hannun. Masu tara wuƙaƙe suna ganin wannan ƙira ita ce ta ƙwarai, kuma ta fuskar ƙarfi suna da gaskiya: ƙarfen wuya na gaba da na baya duk a kafe suke da farantansu, ba abin da ke motsi a kusa da ƙusar juyawa sai ruwan kansa. Amma harshen da aka yi shi da ƙarfin riƙe ruwa mai milimita 5 ba ya tausayin farce. A babbar wuƙa mai santimita 33 mutum kan haɗa da yatsu biyu kafin ya ɗaga.

Daga ƙarshen shekarun 1950 zuwa farkon na 1960 aka koma wa wata dabara. Aka daina kafe ƙarfen wuya na gaba, aka bar shi yana juyawa a kan ƙusar da ruwan ke juyawa a kanta. In an danna kunnensa, gefen ƙarfen ya tokari fiffiken harshe ya ɗaga shi. Kunnen ya zama liba, yatsa ya huta, mai saye ya ji daɗi. Wannan ƙira ce ta mamaye kasuwa, kuma ita ce mafi yawan mutane ke nufi yau in sun ce sitileto.

Hasarar da aka yi kuwa ba a ganinta ranar saye. Ƙusar juyawa a wannan wuƙa ba sukuru ba ce, ƙusa ce da ake dandaƙe kawunanta da guduma. A da aikinta ɗaya: ta matse faranti biyu a jikin ruwa daidai gwargwado. Yanzu an ƙara mata na biyu, ta riƙe ƙarfen wuya ta kuma bar shi ya juya. In an dandaƙe ta sosai, wuya ya cije, ruwan ma ya yi nauyi ya kasa kaiwa ga kullewa. In an sassauta, komai ya tafi sumul amma ruwan ya riƙa kaɗawa hagu da dama. Tazarar da ke tsakanin biyun ƙanƙanuwa ce ƙwarai, kuma duk harbi ɗaya yana ɗan buɗa ta. A daidai wannan zamani ne kuma ruwa ya sirance ya koma wajen milimita 3 a wuƙaƙen kasuwa, harshe ma ya sirance. Maɓallin da libarsa da haƙorinsa dai ba a taɓa su ba. Yadda suke a 1950 haka suke a wuƙar da aka haɗa bana.

Inda take lalacewa

Cutar da ta fi kama wannan wuƙa ita ce leƙen tsini. An rufe ta, haƙori ya kama, amma tsinin ruwan ya ɗan fito sama da bakin ƙota, ya riƙa kama zaren aljihu ko fatar yatsa. Dalilin lissafi ne kawai. Ramin haƙori yana kusa da ƙusar juyawa, tsini kuwa yana can nesa. A ɗauka ramin yana da nisan milimita 15 daga ƙusar, tsini yana da 120. Duk motsin da aka samu a ramin zai ninka sau 8 a tsini. Rubu'in milimita kacal da ya cinye a jikin haƙori ko bakin rami ya zama leƙen milimita 2. Kuma cinyewar ba makawa ce, domin duk lokacin da aka danna maɓalli haƙorin yana fita ne yana gurzar bakin ramin da dukkan nauyin sifirin a kansa. Wanda ya fi laushi a cikin ƙarafan biyu shi ke cinyewa. In haƙorin ne, ya zama da sauƙi, a sauya shi. In ramin ne ya zama kamar ƙwai, masu gyara kan dandaƙe gefensa su matso da ƙarfe, amma wannan ɗinki ne na wucin gadi. Mafi munin magani shi ne wasa tsinin a rage shi har ya ɓuya: an ɓata siffar ruwan, cinyewar kuma tana nan tana ci gaba.

Ba a cikin rami kaɗai wasan yake taruwa ba. Ƙusar da libar ke lilo a kanta ma tana sakewa, hujin da haƙori ke ratsawa a farantin tagulla yana faɗaɗa, tagulla kuwa ta fi ƙarfe laushi nesa ba kusa ba. Kafin a zargi rami sai a matsa ruwan ciki da yatsa a saki ana kallon maɓallin. In maɓallin yana rawa tare da ruwan, to wasan a libar yake.

Maɓalli mai tauri yana da sababi biyu, kuma gwaji ɗaya ke raba su. A matse ruwan cikin ƙota da hannu yadda nauyin sifirin zai sauka daga kan haƙori, sannan a danna. In ya yi laushi, to gurza ce tsakanin haƙori da rami, ko dai sifirin ya yi wa wannan haƙori ƙarfi ko kuma an samu kaushi a bakin ramin. In bai sauya ba, matsalar a ƙarƙashin ƙaho take. Ƙaho abu ne mai rai da yanayi, yana shan laima ya kumbura, ya bushe ya kantare, in ya kantare kuma ya danne libar da ke ƙarƙashinsa ko ya matse hujin maɓalli. Wuƙar da aka ajiye kusa da zafi ko a wuri mai bushewa sosai ta fi yin haka.

Sai harbin da ba ya kaiwa. Ruwan ya fito ya tsaya kafin ya kulle. Mutane kan ce sifirin ya mutu, amma sau da yawa ba shi ba ne. Tun da ruwan da ƙarfin bugun farko yake ƙarasa tafiya, ƙurar aljihu da tsohon mai da ya daskare a kusa da ƙusar juyawa sun isa su cinye ƙarfin. Harshe ma yana karɓar rabonsa, domin sai tudun ya ɗaga shi kafin ya faɗa huji. A wanke, a busar, a ɗiga mai marar kauri digo ɗaya a ƙusar da ɗaya a kan tudun, sannan a yanke wa sifirin hukunci. Shi sifirin in zai mutu yawanci karyewa yake yi farat ɗaya, a kusa da inda aka kafe shi. A wasu wuƙaƙen guntu ne daban da aka zura a tsaga, ana iya cire shi a sa wani. A wasu kuma jiki ɗaya ne da ƙarfen da ke tsakiyar ƙota, sai an kwance wuƙar gaba ɗaya, a yanke ƙusoshi a sake sabbi.

Akwai kuma ɓarnar da mai wuƙa ke yi da hannunsa. Lokacin rufewa, gefen ruwan ne ke tura haƙorin baya kafin ya faɗa rami, kuma haƙori ba zai ja baya ba sai maɓalli ya nutse. In an tura sakata alhali wuƙar tana buɗe, sannan aka naɗe ruwan da ƙarfi, haƙorin ba shi da wurin gudu. Ko ya lanƙwashe, ko ya karce ruwan, ko libar ta kantare, ko ƙahon ya tsage a kan ƙusarta. Ita kanta sakatar ba abin dogaro ba ce sosai: ɗan lanƙwasa ne a jikin fallenta ke riƙe ta a inda aka ajiye ta, in ya saki sai ta riƙa zamewa da kanta a aljihu.

Hanyar da Amurkawa da Jamusawa suka bi

Abin mamaki, an riga an warware matsalar farce a wani wuri tun kafin Maniago ta shiga kasuwar Amurka. A 1892 George Schrade ya yi rajistar mallakar fasahar wuƙa mai maɓalli a Amurka, a 1904 kuma shi da 'yan'uwansa Louis da William suka kafa kamfanin Schrade Cutlery a garin Walden na jihar New York. A wuƙaƙensu maɓalli ɗaya ne ke sakin ruwa daga rufe, shi ne kuma ake sake dannawa a naɗe shi. Bayan 'yan shekaru suka ƙara masa sakata mai zamewa. Tallarsu ma a kan haka take: ana buɗewa da hannu ɗaya, ba a karya farce. Manoma da ma'aikata da masu ɗinki aka yi wa su, ƙanana ne masu ruwa gajere. A 1940 rundunar sojan Amurka ta zaɓi irin wannan ƙira, mai lamba M2, domin sojojin laima, saboda wanda ya maƙale a bishiya da hannu ɗaya zai yanke igiyarsa.

Schrade ya iya haɗa ayyukan biyu a ƙarfe ɗaya ne saboda injuna ke buga masa sassa iri ɗaya dubbai, kuma ruwansa ba shi da tsawo da nauyin sitileto. Jamusawan garin Solingen, irin su kamfanin Hubertus, da kamfanin Mikov na ƙasar Cek, sun bi hanya mai kama da wannan amma da liba a waje maimakon maɓalli. Fil ɗaya ne ke shiga rami a rufe da kuma a buɗe, libar ce ke ɗaga shi. In an kwantar da ita a jikin ƙota ba ta da abin tokarawa, ko an danna ba abin da zai faru, sai an tayar da ita tukuna. A ra'ayin masu gyara da yawa wannan ya fi kowace sakata aminci, domin ba wani ƙarin ƙarfe da zai saki.

Sai doka ta shigo. Jihar New York ta haramta wuƙa mai maɓalli a 1954. Ranar 12 ga Agusta 1958 Shugaba Eisenhower ya sa hannu a dokar tarayya da ta hana shigo da ita ƙasar da kuma cinikinta tsakanin jihohi, ban da abin da sojoji suka yi oda da kuma mai hannu ɗaya da ke riƙe da wadda ruwanta bai wuce inci 3 ba. Birtaniya ta bi sahu a 1959. Dokar Amurka da maɓallin kansa ta yi ma'anar wuƙar: ruwan da ke buɗewa da kansa in an danna maɓalli ko wani abu a jikin ƙota. Masana'antun Amurka suka daina yin ta sai ta soja, ƙirar Schrade ta tsaya cik a inda take. Maniago ta rasa babbar kasuwarta ta ci gaba da sayar wa wasu ƙasashe a farashi mai rahusa, har da wuƙaƙe masu siffar sitileto da maɓallin ado wanda ba ya yin komai. Wanda ke neman rage kuɗin aiki ba ya sake zana maɓalli. Shekaru fiye da ashirin ba wani sabon abu na kirki da ya fito.

Maɓallin da ya haɗa komai

A 1984 kotun ƙolin jihar Oregon, a shari'ar Delgado, ta yanke cewa kundin tsarin mulkin jihar ya kare riƙe wuƙa mai maɓalli. Wannan ya buɗe ƙofar ƙera ta a can, kamfanin wuƙa na Benchmade ya koma Oregon a 1990. Kamfanin Microtech ya fara a Florida a 1994, Pro-Tech a Kaliforniya a 1999. Su waɗannan ba da magagari suka zo ba, da injin yankan ƙarfe mai aiki da kwamfuta suka zo, wanda ke sassaƙa ƙota daga dunƙulen alminiyom, galibi nau'in 6061-T6, ya huda kowane rami a inda aka ce ba kuskuren da ido zai gani.

Maɓallin da suka yaɗa ƙarfe ɗaya ne tak mai siffar kalangu: kai mai faɗi a sama inda yatsa ke dannawa, ƙugu siriri a tsakiya, gindi mai faɗi a ƙasa. Ya ratsa ƙotar daga gefe zuwa gefe a kusa da ƙusar juyawa, da ɗan naɗaɗɗen sifirin a ƙarƙashinsa yana tura shi sama. A gindin ruwan an yanke gurbi biyu masu siffar rabin da'ira, ɗaya na rufe ɗaya na buɗe. In ba a danna ba, gindin maɓallin mai faɗi yana zaune cikin gurbi, ruwa ba ya motsi. In an danna, siririn ƙugun ya zo daidai da ruwan, hanya ta buɗe. Ruwan ya juya, ya bugi ƙusar tsayawa, maɓalli ya yi tsalle ya shiga gurbi na biyu. Babu liba, babu haƙori, babu harshe, babu wuya mai juyawa. Riƙewa da saki da kullewa duk sun koma kan ƙarfe guda.

Sifirin mai harbawa ma ya sauya. Ya zama naɗaɗɗiyar waya da ke kewaye da ƙusar juyawa, ƙafarta ɗaya a cikin ƙota ɗaya a cikin ruwa. Tana tura ruwan tun daga farko har ƙarshen tafiyarsa, har bayan ya kulle ma tana danne shi a jikin ƙusar tsayawa. Don haka 'yar ƙura ba ta tsayar da shi a rabin hanya yadda take yi wa sitileto. Ƙusar juyawa kuma ta zama sukuru, mai wuƙa na iya matsewa ko sassautawa da kansa.

Babbar dabarar tana wurin da ba a gani. Kafaɗar gindin maɓallin ba a tsaye take ba, an ɗan karkata ta. Yayin da gurbi ke cinyewa, sifirin sai ya ƙara tura maɓallin sama kaɗan, faɗin da ya fi na da ya cike giɓin. Abin da ke zama leƙen tsini a wuƙar Maniago, a nan maɓallin ne ke shanye shi da kansa, har sai ya kai ƙarshen tafiyarsa. Amma kusurwar karkatar nan ita ce komai. In ta miƙe da yawa maɓallin ya cije a gurbi bayan harbi mai ƙarfi, sai an danna da yatsu biyu kafin ya saki. In ta kwanta da yawa, bugu a bayan ruwa na iya turo maɓallin ƙasa wuƙar ta naɗe a kan yatsu. Bambancin 'yan digiri ne, kuma dole gurbi biyu da ƙusar tsayawa da ramin maɓalli su yarda da juna lokaci guda. Wannan ne abin da shagon iyali a Maniago na 1955 ba zai iya maimaitawa a wuƙa dubu ba. Tunanin ba sabo ba ne, kayan aikin ne suka iso.

Ita ma wannan ƙira da nata cututtukan. Zaren aljihu na taruwa a rijiyar da ke ƙarƙashin maɓalli ko a cikin gurbin buɗe, maɓallin ya kasa tasowa gaba ɗaya, kullewar ta zama rabi-rabi. Ana gane haka in an ga kansa bai dawo tsayin da ya saba ba. Mai mai kauri a wurin yana ƙara jawo ƙura. Wayar harbawa takan karye a lanƙwasar ƙafarta, amma sauya ta aikin 'yan mintoci ne ga wanda ya iya, ba kamar ta sitileto ba. In kuma an riƙe maɓallin a danne bayan ruwa ya fita, ba abin da zai kama shi, sai ya bugi ƙusar tsayawa ya ɗan dawo.

Wuƙaƙen da ruwansu ke fitowa ta gaba, irin Ultratech da Microtech ya fitar a 1999, wani reshe ne daban. A can ba maɓallin dannawa ba ne, abin turawa ne: babban yatsa ne ke ja wa sifirin ƙarfi a lokacin turawar, sannan wani faranti a ciki ya kawar da ɗan makullin da ke riƙe da ruwan. In wuƙar tana ajiye sifirin ɗin kusan a sake yake, shi ya sa ba ta bukatar sakata.

Maniago ba ta bar tata ƙirar ba. Gidaje irin su Frank Beltrame da AGA Campolin suna nan suna haɗa mai juya wuya, sun kuma dawo da mai ɗagawa da farce, da ruwa mai milimita 5, domin masu tarawa da ke son ta yadda take a da. Wanda zai ɗauki wuƙa don aiki kullum kuwa mai maɓallin kalangu yake saye.

Aiki na huɗu, wato tsaro, shi ne dai maɓallin kalangun nan bai iya haɗiyewa ba. Tafiyar maɓallin gajeriya ce, milimita biyu ko uku, kuma makulli ko tsabar kuɗi a aljihu na iya yin ta. Wasu masana'antun sun nutsar da kan maɓallin ya yi daidai da fuskar ƙota, ko su sassaƙa masa kwarmi a kewaye, yadda sai tsokar yatsa ce za ta kai gare shi. In an nutsar da shi da yawa kuma mai safar hannu ba ya iya dannawa, ga shi sojoji da ma'aikatan ceto suna cikin manyan masu saye. Don haka da yawa daga cikin wuƙaƙen da ake yi musu sun dawo da sakata mai zamewa a gefen maɓalli ko a gadon bayan ƙota, tana shiga ƙarƙashin kansa ta hana shi nutsewa, a rufe da kuma a buɗe. Bambancinta da ta da shi ne yanzu ɗan ƙwallon ƙarfe mai sifirin ko wata 'yar waya ce ke riƙe ta a mazauninta, ana jin ƙas in ta shiga, ana jin ƙas in ta fita.